Zazzaɓin Mai Ciki da Mai Jego: Tambayoyi da Amsoshi kan Cutar Sefsis

A yawancin gidajenmu na Zamfara, idan mai jego ta ce jikinta ya yi zafi, amsa biyu ce ke jiran ta: ko a ce cizon sauro ne, ko a ce ruwan nono ne ke saukowa. Sau da yawa hakan ne kuwa. Sai dai akwai wani zazzaɓi na uku da ke iya kayar da mace mai ƙarfinta tsakanin safiya da dare, kuma farkonsa bai da bambanci da waɗancan biyun. Likitoci na kiran sa sefsis. Maganinsa sananne ne, yana nan a asibitocinmu, jinkirin isa gare shi ne ke cinye mata. Shi ya sa amsoshin nan suka fi shafar mutanen da ke kewaye da ita, wato miji da uwa da suruka da abokiyar zama da ungozoma, domin wadda ciwon ya kama ba ta cika samun ƙarfin yanke wa kanta shawara ba.

Mene ne sefsis?

Idan ƙwayoyin cuta suka shiga wani sashe na jiki, kamar mahaifa ko mafitsara, garkuwar jiki kan taso musu a wurin, a yi ɗan zazzaɓi, a sha magani a warke. Sefsis na faruwa ne idan martanin jikin ya wuce gona da iri, ya bazu ko'ina, har ya koma yana lahanta jikin da ya zo karewa. Jijiyoyin jini su saki, awon jini ya faɗi, jini ya kasa isa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Daga nan fitsari ya ragu, numfashi ya yi sama-sama, hankali ya fara gushewa.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace cewa sefsis ɗin masu haihuwa ya haɗa da wanda ya samu mace tana da ciki, ko tana naƙuda, ko bayan ɓari, ko cikin kwana 42 bayan ta sauka. Wato har a yi arba'in, ba a fita daga lokacin hatsari ba.

Abin da ya sa ake saurin ruɗuwa shi ne ciki kansa na sauya jiki. Zuciyar mai ciki dama ta fi bugawa da sauri, numfashinta dama ya fi nauyi, sai a ɗauka duk laulayi ne. Ga shi kuma yawancin masu haihuwa matasa ne, jikinsu na iya daurewa tsawon lokaci kamar ba komai, sannan ya zube gaba ɗaya.

Ta ina ƙwayoyin cutar ke shiga?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haihuwa kuwa na barin tsaga da dama. Wurin da mabiyiya ta ɓalle a cikin mahaifa rauni ne ɗanye mai faɗin tafin hannu, ga bakin mahaifa a buɗe. Ga ƙari ko ɗinki a gaba, ga yankan ciki in an yi aiki.

Hatsarin na ƙaruwa idan faya ta fashe aka daɗe ba a haihu ba, musamman in an doshi kwana guda. Idan naƙuda ta yi tsawo. Idan ana yawan sa hannu a duba, balle hannun da ba a wanke ba. Idan guntun mabiyiya ya saura a ciki. Idan ɗa ya mutu a ciki ya kwana. Ko aka yi yankan gishiri da aska ko reza. Mace mai ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko sikila, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ta fi saurin kamuwa.

Ba ta mahaifa kaɗai yake zuwa ba. Ciwon sanyin mafitsara kan haura zuwa ƙoda a lokacin ciki, ya zo da rawar ɗari da amai da ciwon kuiɓi. Ciwon huhu na jawo shi, ƙurjin nono ma haka. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke sa yara ciwon maƙogwaro, wadda in ta bi hannu ta isa gaban mai jego takan yi ɓarna cikin awoyi kaɗan. Dalili ke nan da ake cewa mai jego ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa gabanta, ba sai bayan ta gama kawai ba.

Matsalar ta kai a ɗaga hankali a kanta?

Ta kai. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2014 ta nuna kimanin kashi 11 cikin 100 na mace-macen mata wajen ciki da haihuwa sefsis ne sanadinsu kai tsaye. Wani bincike da hukumar ta jagoranta a asibitocin ƙasashe 52, wanda aka fitar a 2020, ya gano cewa ƙwayoyin cuta na da hannu a fiye da rabin mutuwar masu ciki da masu jego da aka samu a asibitocin lokacin binciken. Najeriya kuwa ita kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa ta dalilin haihuwa a duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 ne kacal na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, wanda zai fara ganin ciwon ba likita ba ne, mutanen gida ne.

Waɗanne alamu ne za su sa a tashi ba tare da jira ba?

Zazzaɓi da ya kai digiri 38 ko ya wuce, musamman mai rawar ɗari har haƙora na haɗuwa. Amma a kiyaye, wata ba za ta yi zafi ba sam, jikinta ma sanyi zai yi, ƙasa da digiri 36, kuma wannan ya fi muni. Rashin zazzaɓi ba shaidar lafiya ba ce.

Sai numfashi. Wannan ce alamar da aka fi rainawa, alhali tana cikin masu fara bayyana, kuma ba ta buƙatar na'ura. A duba agogon waya, a ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa a minti ɗaya tana kwance. In ya wuce 20 a sa ido sosai, in ya kai 25 a kama hanya. Bugun zuciya da ya wuce 100 a minti tana hutawa abin dubawa ne, in ya doshi 120 ba a kwana da shi.

Sauran su ne: ciwon mara da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ruwa ko jini mai wari daga gaba, ɗinki da ya kumbura, ya yi ja, ko yake fitar da ruwa ko mugunya, amai da gudawa, wuni guda ba fitsari ko ɗan kaɗan mai duhu, jiri in ta miƙe, hannu da ƙafa su yi sanyi da gumi, barci mai nauyi da wuyar tashi, ko sambatu. Ga mai ciki a ƙara da raguwar motsin ɗa. Ba sai sun taru duka ba. Zazzaɓi da ɗaya daga cikin waɗannan ya isa.

Akwai kuma maganar mai jikin. In mace ta ce, "Inna, ni dai ban taɓa jin irin wannan ba," ko ta ce tana jin kamar ba za ta tashi ba, a ɗauki maganarta da gaske. Matanmu an hore su da dauriya da kunya, musamman a haihuwar fari. Wadda ta iya cije naƙuda ba ta yi ƙara ba, ranar da ta buɗe baki ta ce ba ta da lafiya, to abin ya kai.

Yaya za a bambanta shi da zazzaɓin cizon sauro ko na ruwan nono?

Da ido ba a iya bambanta shi da na cizon sauro, ko likita sai ya yi gwaji. Gwajin jinin yatsa bai wuce minti 20 ba, kuma ƙananan asibitoci na yin sa. Amma ga inda ake tuntuɓe: a damina mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar maleriya a jini, don haka gwaji na iya nuna ta alhali mahaifa ce ke ruruwa. In an ce maleriya ce, amma akwai ciwon mara ko wari ko saurin numfashi, a roƙi ma'aikacin lafiya ya duba ciki da ɗinki da nono da fitsari. In an fara maganin maleriya aka kwana jiki na ƙara lalacewa, a koma ranar, kada a ce sai an ƙarasa kwana ukun maganin.

Ruwan nono kuwa yakan sauko wajen kwana na uku, nono ya cika ya yi tauri, jiki ya ɗan yi ɗumi na ɗan lokaci. Ba ya kawo rawar ɗari mai tsanani, ba ya hana fitsari, ba ya sa wari.

Yaya jinin biƙi na lafiya yake, yaushe kuma ya zama abin tsoro?

Kwana uku zuwa huɗu na farko ja ne, sannan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, daga baya ya yi fari-fari ko rawaya, yana raguwa har mako huɗu zuwa shida. Yana da ƙarni irin na jinin al'ada, amma ba ya ɗoyi. In ya fara wari kamar abin da ya ruɓe, ko ya dawo ja da yawa da gudaji bayan ya ragu, ko mara na zafi in an taɓa, mahaifa ce ke neman taimako. Ciwon mara na bayan haihuwa, wanda ke murɗawa in jariri na tsotso, kwana biyu zuwa uku yake yi yana sauƙi. Wanda ke ƙaruwa kullum ba shi ba ne.

Ni ke yi wa 'yata wankan jego. Wankan na da illa ne?

Hajiya, ke ce ma kika fi kowa damar ceton ta, domin ke kaɗai ke ganin jikinta safe da yamma. Ita za ta ji nauyin gaya wa mijinta cewa tana wari, amma ke za ki ji da hancinki. Ki riƙa duba ƙunzugunta, ki taɓa mararta, ki kalli nononta ko akwai inda ya yi ja ya yi tauri, ki tambaye ta sau nawa ta yi fitsari.

Wanka da tafasasshen ruwa da ya huce daidai jiki tsabta ce, ba shi ke kawo cutar ba. Abubuwa uku ne dai nake roƙon a kiyaye. Kada ruwan ya yi zafin da zai sale fata, don ƙuna ma ƙofa ce. In aiki aka yi mata, kada a fyaɗa ganye a kan ɗinki, a bar shi a bushe kamar yadda asibiti suka ce. Sannan kada a cusa komai a gaba, ko ganye ko garin magani ko kayan matsi, har sai jini ya ɗauke wurin ya warke. In za ta zauna cikin ruwan ɗumi, robar ta zama tata ita kaɗai, a wanke ta kowane lokaci. Ƙyallen ƙunzugu a wanke da sabulu a shanya a rana, a riƙa sauyawa sau da yawa a wuni.

Wani abu kuma: wankan da ɗakin da aka ɗumama na ɓoye zazzaɓi, kowa ya ce ai zafin ruwa ne. A auna jikinta kafin wanka, ba bayansa ba. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, ya kamata ya shiga cikin kayan haihuwa.

Ta fara sambatu ba ta gane mutane. Ba iska ba ce?

Mai jego mai zazzaɓi da ta fara surutai, ƙwaƙwalwarta ce ba ta samun isasshen jini, kuma wannan na cikin alamu mafi hatsari. Jijjigar hawan jini da maleriya mai tsanani ma na kawo haka, dukkansu kuma na asibiti ne cikin gaggawa. Ba wanda zai hana addu'a, a yi ta a mota, a yi ta a bakin gadon asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Abin da ba shi da kyau shi ne a kwana ana hayaƙi da tofi, sai gari ya waye a tafi da ita ƙoda ta riga ta tsaya. Kuma wadda ba ta cikin hayyacinta ba a ɗura mata komai a baki, zai iya wucewa huhu.

Ba za a iya sayen magani a kemis a gama da shi a gida ba?

A'a. Farasitamol na sauke zafi na awoyi kaɗan, a ga kamar an samu sauƙi, cutar kuwa na ci gaba. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak na iya ƙara wa ƙodar da ta riga ta wahala lahani, kuma ba su dace da mai ciki ba. Kafso biyu ko uku da ake saya a warware ba sa kashe irin wannan cuta, sai dai su koya wa ƙwayoyin jure magani. Sefsis na buƙatar magani ta jijiya, da ƙarin ruwa, da kuma kawar da tushen ciwon. In guntun mabiyiya ne a ciki, ko buhun magani aka sha ba za a warke ba sai an fitar da shi.

Ni ne maigida. Garinmu da nisa, hanya kuma ba ta biyuwa da dare. Me zan yi?

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a jihar nan, kuma amsarta tun kafin ciwo ake shirya ta. Wanda ke zaune a yankin Ɗansadau ko ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ya san akwai lokacin da ba direban da zai tayar da mota. Saboda haka ƙa'idarka ta bambanta da ta mutumin Gusau: alamar da ka gani da azahar, da azahar za ka tafi, kada ka ce bari mu ga yadda za ta kwana. Gara a je a ce ba komai a dawo.

Ka bar izini a fili tun cikin na wata bakwai, a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa ko ba ka nan a kai ta asibiti. Mata da yawa sun galabaita suna jiran miji ya dawo daga kasuwa ko gona. Ka ware kuɗin mota daban. Ka riƙe lambar direba biyu. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi shirin kai mata masu larurar haihuwa asibiti a wasu jihohin Arewa har da Zamfara, ka tambayi shugaban tasharku. Ka san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. In ta taɓa yin aiki, ko tagwaye ne, ko haihuwar baya ta zo da matsala, ka kai ta wurin dangi a gari mai babban asibiti tun watan haihuwa bai kama ba, ko Talatar Mafara ko Ƙauran Namoda ko Gummi ko Anka, duk wanda ya fi kusa.

A hanya, mai ciki ta kwanta ta gefen hagu. In tana cikin hayyacinta a riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. A ɗauki katin awo da kwalayen duk maganin da ta sha. Da isa kada a bi layi, a ce wa ma'aikaciyar farko da aka gani: ta haihu kwana kaza, tana zazzaɓi, numfashinta na sauri. A faɗi gaskiyar duk abin da aka yi a gida, ko yanka ne ko jiƙo, domin shi zai nuna inda za a duba.

Batun kuɗi, a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta a asibitocin da ke cikin shirin gwamnatin tarayya. A tambaya tun wajen awo ko asibitin da za a je na ciki.

Me ya kamata asibiti su yi?

Su auna zafi, bugun zuciya, numfashi da awon jini nan take. In sun zargi sefsis, ƙa'idar da likitocin duniya suka amince da ita ita ce a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya, ba a jiran sakamakon gwaji. Za a ɗebi jini, a sa ƙarin ruwa, a ba da iskar oksijin in numfashi ya gaza, a sa robar fitsari don a san ko ƙoda na aiki. Sannan a nemo tushen: wankin ciki in akwai saura, buɗe ɗinki ko ƙurji a fitar da mugunya, ko a haifar da ɗan in mahaifar ce ta kamu tun yana ciki.

Ƙaramin asibiti ba zai iya duk wannan ba, amma zai iya ba da allurar farko da ƙarin ruwa kafin ya tura gaba, kuma hakan na ceton rai. In aka ce a wuce Gusau, ko asibitin gwamnatin tarayya na FMC ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a wuce kai tsaye da takardar turawa, kada a biya gida yin shawara. Wani lokaci, in mahaifa ta lalace ƙwarai, cire ta ne kaɗai zai tsirar da ran matar. Hukunci ne mai ɗaci, amma jinkirin sa hannu a kansa ya fi shi ɗaci.

Wadda ta yi ɓari fa?

Hatsarinta ɗaya da na mai jego, sai dai ita ba mai yi mata wanka balle ya lura. Zazzaɓi, wari, ciwon mara ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan ɓari na nufin a je asibiti ranar. Ko ta wace hanya cikin ya fita, aikin ma'aikacin lafiya shi ne ya yi mata magani.

Za ta ci gaba da shayarwa? Jaririn zai kamu?

Yawanci za ta ci gaba, magungunan da aka saba bayarwa ba sa hana shayarwa. Ko nono ne ya kumbura, ci gaba da ba da shi ko tatse shi na taimaka masa ya warke. In uwa ta kamu lokacin naƙuda ko kwanakin farko, a sa a duba jaririn shi ma. Ƙin kama nono, zafi ko sanyin jiki, numfashi 60 ko fiye a minti, faɗawar ƙirji, sanƙarewa, rashin kuzari, ko cibiya mai ja da mugunya, kowanne na buƙatar asibiti nan take. A cibiya, man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti kaɗai za a shafa, ban da toka da man goge baki.

Ta yaya za a kauce masa tun farko?

Da zuwa awo, inda ake gwada fitsari ko da ba ciwo, a ba da maganin ƙarin jini da rigakafin maleriya da allurar tetanus. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa sau 8. In faya ta fashe, ko ba naƙuda, a tafi asibiti a lokacin, kuma maigida ya ƙaurace mata. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta gida ba ce, haka mabiyiyar da ta wuce awa ɗaya ba ta faɗo ba. Kada a ja ta da ƙarfi.

Wanke hannu kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya tilasta wa likitocin ɗakin haihuwa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mata, mace-macen masu jego suka ragu ƙwarai cikin 'yan watanni. Mai naƙuda da 'yan rakiyarta na da haƙƙin su tambayi duk mai duba ta, ungozoma ce ko malamar asibiti, ko ta wanke hannu ta sa sabuwar safar hannu.

Bayan haihuwa a asibiti a zauna aƙalla awa 24, sannan a koma dubawa a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida. Zaman arba'in bai hana wannan fitar ba, hidimar suna ma kada ta hana.

Wadda ta warke za ta sake haihuwa?

Mafi yawa suna sake haihuwa lafiya, musamman waɗanda aka yi wa magani da wuri. Wata matar dai, cutar kan bar mata tabo a bututun ƙwai, ciki ya yi wuyar samuwa, don haka in an daɗe shiru a koma wurin likitan mata. Ƙarfin jiki kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya dawo, wata ta yi fama da mantuwa ko firgita ko yawan kuka. Ba raki ba ne, a rage mata aiki, a gaya wa likita. Ta shanye maganin da aka sallame ta da shi har ƙarshe ko ta ji garau. A ba da tazarar kamar shekara 2 kafin wani cikin, in ɓari ne aƙalla wata 6. Ta adana takardar sallama, ta nuna ta ranar da ta fara awon ciki na gaba, kuma wannan karon a asibiti za ta haihu.